Shekarar da Mariya Suka Ƙi Kurmi

Bara aka gama da kurmin da ke gangaren garinmu. Wani mai hali ya zo daga Faskari da tarakta, aka tumɓuke kanya da ɗinya da ƙirya, aka ƙone kututtura, bana masara ce tsaye har bakin rafi. Ban ce an yi laifi ba, bakuna sun yi yawa, gona kuwa ba ta haihuwar gona. Sai dai da na bi ta wurin na iske yara suna wasan langa a daidai inda a da magidanci ba ya wucewa shi kaɗai, sai na ji wani iri. Na tambayi babban cikinsu ko ya taɓa ganin gwanki, ya ce mini tsuntsu ne ko kifi. Tun daga ranar nake juya abin a raina, kuma da yake Allah ya sa na iya riƙe alƙalami bayan furfura ta fara fito mini, na ce bari in ajiye abin da idona ya gani kafin in manta shi.

Garinmu ƙarami ne a lokacin, yana bayan Ruwan Godiya, gonaki sun kewaye shi, daji kuma ya kewaye gonakin. In ka tashi da safe abin da kunnenka zai fara kamawa shi ne amon taɓarya daga gida zuwa gida, sai kurciya, sai can daga gangare ka ji gwaggon biri yana haushi kamar tsohon da aka taɓa wa taba. Aikinmu na samari bai wuce noma da yankan gamba da gyaran shingen ƙaya ba. Shingen nan ba a wasa da shi. Kowace yamma sai an bi shi an duba, a tura awaki ciki, a ja ƙaya a toshe ƙofa, don kura ba ta barin rami ko na shigar hannu ne. Mata ba sa tafiya itace ko tsintar kaɗanya sai a ayari, suna tafe suna hira da ƙarfi da gangan. Yau yaro zai hau keke ya tafi Mairuwa ya dawo ba wanda ya tambaye shi. Mu a da ko gonar nesa za ka sai ka faɗa wa wani hanyar da za ka bi, don a san inda za a fara nema. Akwai kuma sunan da ba a kira in an fita daga shinge. In dole ta kama sai a sassauta murya a ce manyan dawa, kowa ya san zaki ake nufi.

Mahaifinmu shi ne Sarkin Bakan gari, wato shugaban maharba. Mutum ne mai jinkirin magana, in ya kai mu gefen fadama sai ya zaunar da mu a kan suri ya ce mu duba kawai. A nan na ga yadda naman daji ke kiwo. Garken mariya, waɗannan jajayen namun daji masu fari a ƙasan ciki da ke son ciyawar bakin ruwa, ba su taɓa sunkuyar da kai gaba ɗaya. Wannan na ci, waccan ta ɗaga kai tana juya kunne, in ta sunkuya wata ta karɓa, ba wanda ya raba musu aikin. In za su sha ruwa sukan daɗe a tsaye nesa da mashaya, babbar mace ta matsa, ta tsaya, ta ja baya, ta sāke matsawa, har mai kallo ya gaji. In ɗaya ta ji abin da ba ta yarda da shi ba sai ta yi wani fito mai kaifi ta hanci, kafin ka ƙifta ido fadama ta zama wayam. Baba yakan ce naman daji da tsoro yake cin abinci, da tsoro yake shan ruwa, wanda ya ƙoshi har ya manta shi ne abincin wani. Ni dai a lokacin ina jin maganar ne kamar yadda matashi ke jin maganar uba, kunne ɗaya na wurinta, ɗaya na wurin dandali.

A shekarar da nake ba da labarinta, da damina ta yi tsakiya Baba ya kwanta ciwon ciki, bai tashi ba. Baka da kwari da ƙahonsa na farauta duk suka koma hannun wana, Yaya Haruna, shi ne ɗan fari a ɗakinmu. Ba a naɗa shi Sarkin Baka ba tukuna, Maigari ya ce a bari a ga kamun ludayinsa. Yaya ya iya harbi, amma yana da zuciya, kuma kullum mutane na faɗa masa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wasu da gaske, wasu da zolaya. Taubashinmu Audu shi ya fi kowa matsa masa. In ya gan shi da kwari a kafaɗa sai ya tambaye shi ko yau ma ɓeraye za su kwana da makoki, ya ce shi tun rasuwar kawu haƙoransa sun manta nama, har sun fara tsiro ganye. Yaya ya yi dariya, amma ina ganin jijiyar wuyansa.

Da kaka ta shigo, an kai gero rumbu an fara yankan dawa, sai abubuwa suka fara sauyawa a gangare. Mata ne suka fara lura. Suka ce mariya sun daina zuwa ruwa da yamma, sai da rana tsaka, kuma sun bar tsohuwar mashayarsu mai inuwa, suna zuwa kan farin yashi inda ake wanki, su sha a gurguje mutane na kallonsu. Bayan wannan sai suka bar fadama gaba ɗaya. Ciyawa na can kore shar har gwiwa, suka hauro saurar da ke bayan shingenmu, fili fetal ba ko bishiya, suna tsintar busasshen kara. Sai ga kanki, manyan nan masu doguwar fuska, sun zo sun haɗe da su, abin da ban taɓa gani ba, har da gadu da 'ya'yanta a tsakiya. Mazan mariya sun daina karo da juna. In sun kwanta ba sa kwanciya barkatai, sai su dunƙule, fuskokinsu duk suna duban gangare. Suka rame, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga bakin shinge. Fulanin da suka saba zama kusa da mu har a gama cin kara, su ma a shekarar suka kwashe shanunsu tun da wuri suka yi wajen Sabuwa, ba su yi wa kowa dogon bayani ba.

Mun ga duk wannan, kuma mun tsorata, amma tsoronmu ya bi wata hanya. A wurinmu in naman daji ya kusanto gari ana cewa saƙo ya kawo wa mutane. Tsofaffi suka zauna a ƙofar Maigari suna lissafin shekarun da gada ta shigo gari aka yi yunwa, da shekarar da aka ga mazo a bakin masallaci aka yi agana. Kowa ya yarda ruwa ba ya tsami banza, sai dai kowa yana neman tsamin a cikin gidansa. Liman ya ce a yi sadaka, aka dama gumba aka raba wa yara, aka yi addu'a. Ba wanda ya kawo a ransa cewa dabbobin nan ba ruwansu da mu, wata masifa ce ta kansu ta koro su, suka ga gara warin hayaƙinmu da haushin karnukanmu. Da Baba na da rai da kallo ɗaya ya ishe shi.

Abin da ya ƙure haƙurin mutane wake ne. Garken ya faɗa gonakin waken da ke gefen saura yana ci, har da na Inna, mahaifiyarmu, wanda da shi take sa ran fita shekara tunda ba miji. Maigari ya sa a yi kora, a mai da su kurmi inda suka fito, a kuma sami nama. Yadda muke kora kuwa shi ne, maharbi ya riga kowa fita, ya je ya yi kwanto a bakin turbar da naman zai bi, ya zauna ta inda iska ba za ta kai warinsa gare su ba. Samari su ja layi daga wajen gari da ganga da sanduna da karnuka su turo garken. Akwai doka ɗaya da ba a karyawa: mai kwanto ba ya motsi, ba ya amsa kira ko na wane ne, har sai ya ji an busa masa ƙahon Sarkin Baka. A da Baba ke riƙe ƙahon a cikin 'yan kora, ya tura wani maharbi kwanto. A wannan karon Yaya ya ce shi zai yi kwanton da kansa. Ya rataya kwari, ya rataya ƙaho tare, don tun da ya gaje su bai taɓa raba su ba, kuma cikin dukanmu ba wanda ya ga abin da ke cikin haka. Inna na tsugune tana hura wuta ya wuce, ba ta ɗaga kai ba, ta ce da ni in gaya wa wancan ya sha koko kafin ya fita. Ya ce in ya dawo.

Hantsi ya ɗaga muka ja layi. Da farko abin kamar wasa, Audu na kaɗa gwangwani yana rabon naman da ba a kashe ba, ya ce cinya tasa ce, kai da ƙafafu na Sarkin Baka mai jiran gado. Garken ya tashi ya yi gangare a dunƙule, muna bin su da ihu. Suka ratsa karan dawa, suka kai inda doguwar ciyawa ta fara, kurmi na gabansu baƙi ƙirin. A nan suka tsaya cak. Muka ƙara ganga, muka yi jifa, suka ƙi gaba. Babbar macen ta miƙa wuya tana shaƙar iska, jikinta na ɓari, ta yi fiton nan. Sai na ga abin da har in mutu ba zan manta ba. Garken gaba ɗaya ya juyo ya fuskance mu, mu da sandunanmu da karnukanmu, suka taho a guje. Wata ta tsallake kaina ina jin iskar cikinta, kanki ya bangaje Audu ya yi rub da ciki. Na ga idon wata ƙaramar mariya dab da ni, fari fat, ba ma ni take kallo ba. Suka keta layinmu suka koma saura, suka tsaya a tsakiyar fili suna haki.

Ganga ta yi shiru. Karnukan da ke gaba suka dawo da wutsiya tsakanin ƙafafu suna shiga tsakanin sawunmu, wani har yana fitsari. Ba tsuntsu ɗaya da ke kuka a gangaren. Wani dattijo da ya biyo mu don kallo ya ce a hankali, naman da ya zaɓi sanda a kan inuwa ya san abin da ke cikin inuwar. Ba wanda ya kira sunan. Sai a lokacin na haɗa shan ruwan rana da kwanciyar fili da tashin Fulani, duk abin da Baba ya zaunar da mu a kan suri don mu gani, na kuma tuna wana yana zaune cikin kurmin nan shi kaɗai tun fitowar rana.

Muka fara kira. Na kira Yaya har muryata ta dushe, Audu ya kira shi, yanzu ba zolaya a bakinsa. Shiru. Ga abin da ya fi ci mana rai: ba mu san ko shirun doka yake yi ba, ko kuwa shirun da ba a dawowa daga gare shi. Wani ya ce a busa ƙaho, muka dubi juna. Wani ya ruga gari ya kawo ƙahon bijimi irin na wanzamai, aka busa, ya yi wata ƙara kamar kukan jaki, wadda ba maharbin da zai tashi dominta. Maigari ya iso ya ce a sa wa ciyawa wuta. Har wani ya fara ƙyasta dutsen kunna wuta na riƙe hannunsa, na ce iskar daga wajenmu take tafiya gangare, Yaya kuwa a ƙarƙashin iska yake zaune, wutar kansa za ta fara sauka. Aka fasa. Muka tsaya cirko-cirko a bakin ciyawa, maza masu gemu, kowa na jiran wani ya fara sa ƙafa. Ni ma ban sa ba.

Ban san wanda ya kai wa mata labari ba. Sai ga Inna ta taho ba mayafi, da taɓarya a hannu, ta ratsa mu kamar ba ta ga kowa ba, ta tsaya a gaba. Mahaifiyarmu mace ce ta da. Tun da ta haifi Yaya ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, ba ta duban fuskarsa a gaban mutane, har wata maƙwabciya mai ɗa Haruna ba ta iya tambayarta lafiyar yaron da suna. Ta ja numfashi, ta ɗaga murya.

"Haruna."

Mutane suka sunkuyar da kai. Ta sāke kira, ta ja sunan har ya doki kurmi ya dawo.

"Haruna, ni ce. Ka amsa mani."

Ba amsa. Ta juyo ta dube mu, idonta a bushe, ta ce, "In ya mutu, ni zan ɗauko abina. Ku ku tsaya nan ku tsare wake." Ta sa ƙafa cikin ciyawa.

Kunya ce ta ja mu, ba jarunta ba. Maigari ya ce kada kowa ya ware, a haɗa kafaɗa. Muka dunƙule wuri ɗaya, matan da suka biyo ta suka shiga tsakiya da ƙore da taɓare suna bugawa, ganga ta tashi, muna tafe muna kabbara, Inna a gaba ina riƙe da bakin zanenta. Ciyawar ta fi mu tsawo, ba ka ganin komai sai ƙeyar na gabanka. Sai wani wari ya doke mu, mai nauyi, kamar na mahauta da rana. Daga nan muka ji gurnani, ba mai ƙarfi ba, amma a cikin ƙirjina na ji shi kafin kunnena. Layin ya girgiza, wata mata ta saki ƙwarya. Ciyawa ta dāre a hannun hagu, na ga doguwar gadon baya mai launin yashi tana sulalewa zuwa rafi ba gaggawa, bakin wutsiya na kaɗawa. Zakanya ce. A bakin gaɓa ta tsaya ta waiwayo ta dube mu, sannan ta sauka.

Mun sami Yaya a cikin saiwoyin wata babbar kanya, ya shafe jikinsa da laka ya rufa da ganye yadda Baba ya koya masa. Kibiya na kan tsarkiya, yatsunsa sun ƙage a kanta sai da muka ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Gabansa kaɗan, tazarar da ba ta fi tsawon tabarma biyu ba, ciyawa ta kwanta inda ta yi kwanciyarta. Daga baya ya gaya mini yadda aka yi. Da gangarmu ta fara sai zakanyar ta biyo gaɓa ta zo ta yi nata kwanton a kan turbar da yake tsaro, ita ma garken take jira. Iskar da ta ɓoye shi daga mariya ita ta ɓoye shi daga gare ta. Yana ganin ƙudaje a kunnenta, yana ganin cikinta na hawa da sauka. Ya san dafin kibiyarsa ba zai kashe ta ba kafin ta iso shi. Ya ji kirana, ya ji na Audu. Da ya ji muryar Inna kuwa, ya ce sai da ya cusa igiyar kwari a baki ya cije, don amsar ta riga ta hau masa maƙogwaro, zakanyar kuma ta ɗaga kai tana saurare.

Ni da Audu muka ɗaga shi, muka sa shi a tsakiya. Inna ba ta taɓa shi ba. Da ta ga yana numfashi sai ta juya ta kama hanya, wata ta miƙa mata mayafi ta yafa. Muna haurowa ta cikin karan dawa, sai Yaya ya buɗe baki da wata murya kamar ta wanda ya tashi daga jinya.

"Na'am, Inna."

Ta tsaya, ba ta waiwayo ba. Na ga kafaɗunta sun motsa. Ta ja mayafin ta rufe fuska, ta ce da ni, "Kai, ce ma wancan kokonshi ya huce, sai dai shi sha haka nan."

Ba a sāke yin kora ba a shekarar. Maigari ya hana a taɓa garken, ko da jifa. Suka cinye waken Inna tas, har harawar, muka fita shekara da miyar kuka tsura, ban kuma taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Aka daina zuwa gangare, itace sai na shinge da kara, ruwa sai da rana tsaka a ayari, lokacin da mariya ke sha. Kowace safiya abin da mutum zai fara yi in ya fito shi ne ya leƙa saura ya ga inda fuskokinsu ke duba. Haka muka zauna da su, mu a cikin ƙaya su a bayanta, har sanyi ya wuce. Wata safiya na fito na iske filin ba komai sai kashinsu. Na hau rumbu na hango su can cikin fadama a warwatse, maza biyu har suna karo. Na sauko na gaya wa Inna. Ta shiga ɗaki ta ɗauko gatari da gammo, ta leƙa ta kan danga ta kira maƙwabciyarta su tafi itace.

Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Yaya Haruna, ya sa sun huta.